DOKAR DA TSORO YA HAIFA, WA KE RAINON TA?

A ranar Asabar da ta wuce, wata ƙungiyar masu karatu ta birnin Damagaram ta gayyaci wani tsohon malamin Ingilishi na lise domin ya yi bayani a kan wani littafi da suka daɗe suna gardama a kansa. Saboda muhimmancin abin da ya faɗa ga ƴan kasuwa da ma'aikata, mun ga ya dace mu kawo wa masu karatunmu jawabin ɗungurungum.



Alhazai da Hajiyoyi, ƴan kasuwa, abokaina ma'aikata na da da na yanzu, ƙannena ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa, ina kuma godiya da kuka bar rumfunanku da iyalanku kuka zo sauraren magana a kan littafin da yawancinku ba su taɓa riƙe shi a hannu ba. Na san akwai wanda ya ce a ransa: mu da muke fama da tsadar hatsi da kuɗin makarantar yara, ina ruwanmu da ƙagaggen labarin da wata Ba'amurkiya ta rubuta a kan makaɗan jita? Wannan tambaya tana bisa hanya, kuma ina fatan kafin mu tashi mai ita zai samu amsa.

Sunan littafin A Song for a New Day, wato Waƙa Domin Sabuwar Rana. Marubuciyarsa Sarah Pinsker, mazauniyar birnin Baltimo ce, kuma kafin a san ta da rubutu mawaƙiya ce mai kaɗa jita, ta yi yawon gari-gari tana wasa a ƙananan wurare. Littafin ya fito a watan Satumba na 2019. Yana cikin irin labaran da ake kira ƙagaggun labaran kimiyya, waɗanda marubuci yake ɗaukar abin da ya fara tsiro a zamaninsa, ya tura shi gaba da shekaru, ya nuna mana yadda zai zama idan ya girma. Ku riƙe wannan wata na Satumba 2019 a zuciya, domin duk abin da ya faru da littafin daga baya yana rataye da shi.

ABIN DA KE CIKIN LITTAFIN

Labarin mata 2 ne. Ta farko Luce Cannon, mawaƙiya wadda ta tashi a gidan Yahudawa masu tsananin riƙon addini a Niyok, ta bar gida saboda kiɗa. Tauraronta ya fara haske ke nan, tana yawon wasa, sai hare-haren bama-bamai suka auka wa Amurka, har aka tarwatsa wani filin wasa cike da jama'a. A daren da kowa ya rufe ƙofarsa ita ta hau dandali ta yi wasa ga ƴan tsirarun da suka zo, ba ta san cewa wannan ne babban wasa na ƙarshe a ƙasar ba. Ana wata ga wata, sai annoba ta biyo baya, wata cuta mai fesowa a jiki, ta kashe ɗimbin mutane, har da abokiyar aikinta mai ganga. Gwamnati ta kafa dokokin hana taro. Gidajen wasa suka rufe, filayen ƙwallo suka rufe, makarantu suka koma cikin na'ura.

Ta biyu Rosemary Laws, wadda tana yarinya abin ya faru, saboda haka ba ta san wata duniya ba sai wadda ta biyo baya. Ta girma a gonar iyayenta, nesa da gari. Tana aiki daga ɗakin kwananta, tana amsa koke-koken masu sayayya na wani katafaren kamfani mai suna Superwally, wanda ya haɗiye kusan dukan ciniki, yana kai wa mutane kaya har ƙofar gida da ƙananan jirage marasa matuƙi. Makarantarta da aikinta da hirarta duk a cikin wata riga mai hula suke, wadda idan ka ja ta ka rufe fuska sai ka ga kanka a wata duniyar hoto. A wannan duniya wani kamfanin, StageHoloLive, shi ne mai kiɗa da waƙa baki ɗaya. Ya tara mawaƙa a harabarsa, yana ɗaukar wasansu, yana sayar wa mutane suna kallo kowa a ɗakinsa, kowa yana jin kamar yana cikin taro alhali shi kaɗai ne.

Shekara wajen 12 bayan annobar, cutar ta lafa, hare-haren sun lafa, amma dokokin suna nan daram. Luce tana buɗe wani gidan wasa a ɓoye a ƙarƙashin wani gida a Baltimo. Rosemary kuwa kamfanin kiɗan ya ɗauke ta aiki, ya tura ta ta nemo masa sababbin mawaƙa a irin waɗannan wurare na ɓoye. Ta je da zuciya ɗaya, ta ji kiɗa a cikin taron mutane karo na farko a rayuwarta, ta kusa suma don tsoron cunkoso, sannan abin ya shiga ranta. Ta aika wa shugabanninta sunayen waɗanda suka burge ta. Abin da ba a gaya mata ba shi ne al'adar kamfanin: idan ya tsince gwanayen wuri, sai ya tsegunta wa ƴan sanda su zo su rufe wurin. Da haka yake samun mawaƙa, da haka kuma yake kashe duk wata kasuwa da ba tasa ba. Ba zan faɗa muku ƙarshen labarin ba, domin akwai masu niyyar karantawa.

Saura abu guda da zai ba ku mamaki. Gidan wasan nan na ɓoye, sunansa a cikin littafin 2020, daga lambar gidan aka samo sunan.

YADDA MASU KARATU NA CAN SUKA KARƁE SHI

Da littafin ya fito an yaba masa daidai gwargwado, kamar yadda ake yaba wa littafin farko na marubuci mai alamar ƙwazo. Wata 6 bayan haka, ranar 11 ga Maris 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cutar korona a matsayin annobar duniya. Tun kafin wannan rana an soke babban bikin kiɗa na South by Southwest da ake yi a birnin Ostin na jihar Tekzas, sannan gidajen wasa na Amurka suka bi sahu suna rufewa ɗaya bayan ɗaya. A watan Afrilu wani mawaƙi, Travis Scott, ya yi wasa a cikin wasan kwamfuta na Fortnite, mutum fiye da miliyan 12 suka kalla a lokaci guda, kowa a ɗakinsa. A ƙarshen watan Mayu littafin ya ci kyautar Nebula, ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan irin wannan adabi, kuma bikin ba da kyautar kansa ta intanet aka yi shi, domin an hana taro. Daga nan masu karatu suka rabu kashi-kashi.

Kashi na farko suka ce matar nan ta yi duba. Sun ga dokar hana taro, sun ga kaya ana kawowa ƙofar gida, sun ga wasa ta na'ura, ga kuma lambar 2020, sai suka ɗauki littafin kamar wani abin al'ajabi. A cikin labarin akwai inda Luce da abokan zamanta suke rubuta a bango jerin abubuwan da suka ɓace daga rayuwar yau da kullum, don kada a manta da su, kuma wannan wuri ya taɓa masu karatu da yawa a lokacin kulle. Ni dai ban yarda da maganar duba ba, domin gaibu na Allah ne. Abin da marubuciyar ta yi shi ne buɗe ido. A watan Nuwamba 2015 an kashe mutum 90 a gidan wasa na Bataclan a Paris. A watan Mayu 2017 an kashe 22 a ƙofar wani wasa a Mancesta ta Ingila. A watan Oktoba na shekarar an buɗe wa masu kallon wasa wuta a Las Begas. Ta ga ƙananan kantuna suna mutuwa a gaban manyan kamfanoni, ta ga mawaƙa suna karɓar abin da bai taka kara ya karya ba daga masu watsa waƙa ta intanet. Hasali ma ta fara taɓa wannan duniya tun 2015 a wani gajeren labari, wanda shi ma ya ci kyautar Nebula. Wanda ya ga hadari ya haɗu a gabas ya ce za a yi ruwa, ba boka ba ne.

Kashi na biyu littafin ya dame su, kuma damuwarsu ce ta fi jan hankalina. A 2020 ana mutuwa da gaske, likitoci suna roƙon jama'a su zauna gida, ga kuma littafi wanda jarumansa masu karya dokar hana taro ne. Sai wasu suka ji tsoron kada masu ƙaryata cutar su ɗauke shi su mai da shi tuta. Masu kare littafin suka ce a koma a duba lissafin shekaru: lokacin da cutar take kisa a cikin labarin, ba a nuna zaman gida a matsayin wauta ba, Luce da kanta ta rasa abokiyarta. Abin da littafin yake tuhuma shi ne dokar da ta wuce shekara 10 bayan dalilinta ya kau. A ganina masu wannan amsa sun fi gaskiya, amma ba zan ce damuwar waɗancan banza ce ba. Littafi idan ya fita daga hannun mai shi ya zama kamar wuƙa a kasuwa, mahauci zai saya, ɓarawo ma zai saya.

Kashi na uku mawaƙa ne da masu ƙananan gidajen wasa. Su ba annobar ce ta tsaya musu a rai ba, kamfanin ne. Sun san cewa tun 2010 kamfanin Live Nation mai shirya wasanni ya haɗe da Ticketmaster mai sayar da tikiti, suka zama giwa guda a dawa. A lokacin kulle masu ƙananan gidajen suka kafa ƙungiya, suka matsa wa majalisar dokokin ƙasarsu, har a watan Disamba 2020 aka ware dalar Amurka biliyan 15 don ceto irin waɗannan wurare. A watan Mayu 2024 kuma ma'aikatar shari'a ta Amurka ta kai Live Nation ƙara bisa zargin danne abokan gasa. Ga waɗannan masu karatu, StageHoloLive ba tatsuniya ba ce.

Kashi na huɗu masu sukar fasahar littafin ne. Wasu sun ce Rosemary ta cika wauta, wasu sun ce labarin yana jan ƙafa a tsakiya, wasu sun ce marubuciyar ta ɗora wa kiɗa nauyin da ya fi ƙarfinsa, kamar waƙa ita kaɗai za ta iya kwance abin da kuɗi da doka suka ƙulla. Wannan suka ta ƙarshe tana da ƙarfi, zan kuma dawo kanta.

YADDA MUKA KARƁE SHI A NAN

Wani tsohon ɗalibina ne ya kawo mini littafin tsaraba. Da yake da Ingilishi yake, sai muka yi dabara a fadarmu: kowane dare bayan sallar isha'i ina karanta babi ɗaya ko biyu, ina juya musu da Hausa, ana shan shayi. Mun yi kusan wata 2 a haka. Abin da na gani shi ne kowa fuskarsa ya gani a ciki, kamar masu leƙa rijiya.

Akwai wani Alhaji a cikinmu, mai sayar da atamfa da shadda. Shi ko kaɗan makaɗan ba su dame shi ba. Da na kai inda ake bayanin Superwally sai ya ajiye kofinsa ya ce: “Mushe, tsaya. Kana nufin duk garin babu kasuwa? Babu inda mutum zai taɓa yadi ya ji kaurinsa, ya taya, a yi masa ragi?” Na ce babu, Alhaji. Ya ce: “To ai ba kiɗa kaɗai suka kashe ba. Wanda zai ba ka bashi don ya san ubanka fa? Wanda za ka ji labarin farashin Kano a bakinsa fa?” Alhaji ya gano abin da masu sharhi da yawa na can suka tsallake. Kasuwa da dandalin kiɗa dangin juna ne, dukansu wurare ne da mutane suke haɗuwa ba da izinin kowa ba, su ga juna, su ji ashe abin da ke damun wannan shi ke damun wancan. Wanda ya raba mutane da irin waɗannan wurare ya raba su da sanin yawansu.

Akwai kuma wani tsohon ma'aikacin duwan, wanda ya yi shekara fiye da 30 yana aiki. Shi Rosemary ya kare, ya kare ta da zafi. Ya ce yarinyar ba ta yi ƙarya ba, ba ta ci hanci ba, an ce ta rubuta rahoto ta rubuta, abin da na sama suka yi da rahoton ba laifinta ba ne. Wata Hajiya, malamar asibiti, ta ce masa: “Yaya, na yarda ranar farko ba ta sani ba. Rana ta biyu fa?” Aka yi shiru. Wannan ita ce tambayar da littafin yake yi wa duk mai cin albashi, kuma ina roƙon abokaina ma'aikata su tafi gida da ita. Rosemary ba azzaluma ba ce. Tana son aikin, tana son ta taimaki iyayenta, tana ganin alheri take yi wa mawaƙan da za su samu albashi da likita da wurin kwana. Zalunci irin na zamani ba ya bukatar mugaye da yawa, ya fi bukatar mutanen kirki masu cika takarda ba tare da tambayar inda za ta ba. Bayan ta gane, sai ta tsaya tsakanin ajiye aikin da zama a ciki don ta gyara, kuma a kan wannan ma fadarmu ta rabu biyu. Tsohon ma'aikacin ya ce in duk na kirki suka fita wa za a bar wa ofis? Hajiya ta ce ta ga da yawa da suka shiga don su gyara, ofis ɗin ya gyara su.

Na uku wani makaɗi ne, ɗan gado, wanda yake zuwa jefi-jefi. Shi dariya ya yi. Ya ce: “Mushe, waɗannan Turawa yanzu suka san abin? Mu ai ba a hana mu waƙa, saye mu ake yi.” Maganarsa gaskiya ce, kuma tarihinmu ya shaida. Tun zamanin sarakuna an san kiɗa iko ne, shi ya sa tambari da kakaki ba a busa su ko a kaɗa wa kowa sai mai sarauta, makaɗin fada kuma ci da sha da suturarsa suna wuyan ubangidansa. Zamanin Janar Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, an tattara matasa a samariya, an yi bukukuwa da gasar waƙa, kuma Muryar Sahel ce kaɗai rediyon ƙasa, waƙar da ba ta shiga can ba da wuya ta wuce garinsu. Bayan Babban Taron Ƙasa na 1991 iyayen gida suka yawaita, kowace jam'iyya da mawaƙanta. Daga baya masu kwafar kaset, sannan masu tura waƙa a waya a bakin tasha, suka ci kasuwar mawaƙi ba tare da ya ga ko dala ba, sai ya zama ba shi da madogara sai mai kuɗi ko mai mulki. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa, sai ya yi masa aski. Makaɗin ya ce wurin da ya fi sosa masa rai shi ne inda kamfanin yake ɗauke mutum ɗaya daga cikin ƙungiya ya watsar da sauran, domin ya ga an yi wa abokansa haka. Amma ya ƙara da cewa kada mai ƙoshi ya zagi wanda ya karɓa, yunwa ba ta san waƙar gaskiya ba. Littafin ma bai zage su ba, kuma wannan yana cikin adalcinsa.

ABIN DA NA ƊAUKA

Jama'a, ga inda nake son mu tsaya. Dokar hana taro a cikin labarin nan ba wani azzalumin sarki ne ya ƙaga ta ba. Tsoro ne ya haife ta, tsoro na gaskiya mai dalili, mutane da kansu suka nema. Amma tsoro ba ya raino. Masu rainon irin wannan doka su 3 ne. Akwai mai cin riba, wanda kasuwarsa ta buɗe ranar da ta kowa ta rufe. Akwai mai mulki, wanda ya ɗanɗana daɗin garin da ba a taruwa. Akwai kuma sabo, wanda ya fi su haɗari, domin yaran da suka tashi a ciki ba su san an rasa kome ba. Iyayen Rosemary suna ƙaunarta, don ƙauna suka tsare ta a gona, wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Sai dai ƴarsu ta kai shekara 24 ba ta taɓa tsayawa a cikin taro ba.

Kada mu ce wannan sai Amurka. Mu ma mun ga 2020. An samu mutum na farko mai cutar a ƙasarmu ranar 19 ga Maris, aka sa dokar hana fitar dare a Yamai, aka rufe masallatai, har matasa suka yi tarzoma a Mirya da Yamai da wasu wurare, kafin a sake buɗe su ranar 13 ga Mayu. Wannan doka ta zo da dalili, ta kuma tafi cikin makonni. Amma ku tuna da ranar 15 ga Maris ta wannan shekara, kwana 4 kafin a samu mai cutar ko ɗaya. Ƙungiyoyin farar hula sun kira gangami a Yamai a kan zargin sama da faɗi da kuɗin sayen makamai, hukuma ta riga ta hana manyan taruka saboda korona, aka tarwatsa masu gangamin, wuta ta tashi a kasuwar Tagabati, aƙalla mutum 3 suka rasu, aka kuma tsare wasu shugabannin ƙungiyoyin. Hukuma ta ce lafiyar jama'a take karewa, masu gangamin suka ce bakinsu ake rufewa. Ba shari'ar wannan rana na zo yankewa ba. Na kawo ta ne don ku ga doka guda tana iya zama garkuwa da safe, ta zama takunkumi da yamma, kuma rumfunan ƴan kasuwa ne suka ƙone a tsakani.

Saboda haka duk lokacin da aka zo mana da dokar ta-ɓaci, ko don cuta ko don tsaro, ba na cewa a ƙi ta, rigakafi ya fi magani. Ina cewa a yi mata tambaya 3, cikin ladabi, a kuma nace. Wace rana za ta ƙare? Wa zai duba ko dalilinta yana nan, kuma a gaban wa zai faɗa? Wa yake samun kuɗi muddin tana nan? Dokar da ta amsa waɗannan a bi ta da zuciya ɗaya. Wadda ta ƙi amsawa a sa mata ido, domin sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Na yi alkawarin komawa ga masu cewa waƙa ba ta kwance abin da kuɗi da doka suka ƙulla. Sun yi gaskiya, waƙa ba ta soke doka, majalisa da kotu da jama'a masu nacewa su ke yin wannan. Amma ku tambayi kanku dalilin da ya sa masu iko ba su taɓa raina ta ba. Don me sojoji suka ƙone gidan Fela Kuti a Legas a watan Fabrairu 1977, bayan waƙarsa ta Zombie? Don me masu bindigar da suka kama arewacin Mali a 2012 suka hana kiɗa tun da wuri? Domin mutum 200 da suka amsa amshi guda a wuri guda sun ga juna, kuma wanda ya ga ɗan'uwansa ya rage tsoro. A nan amfanin waƙa yake, daga nan kuma sauran aikin yake farawa. Na san a cikinmu akwai waɗanda ba sa sauraren kiɗa saboda fahimtarsu ta addini, ina girmama su, kuma maganar ba ta bar su a baya ba: su sa majalisin karatu ko sahun salla ko ranar kasuwa a inda littafin ya sa dandali, lissafin bai canza ba.

Wanda ya tambaya tun farko ina ruwanmu da wannan littafi, ga amsata. Alhaji ya ga kasuwarsa a ciki, tsohon ma'aikaci ya ga teburinsa, makaɗi ya ga ubangidansa, Hajiya ta ga lamirinta. A daren da muka gama karatun, Alhaji ya ce a kawo alli, mu ma mu rubuta a bangon zauren abubuwan da ba mu so mu wayi gari babu su. Aka rubuta kasuwar Dole ranar Alhamis, aka rubuta kokawa, aka rubuta hawan salla, aka rubuta zaman makoki da ɗaurin aure. Wani yaro mai dafa mana shayi ya ce a rubuta fadar kanta. Rubutun yana nan har yanzu, mai son gani ya zo.

Ina neman afuwar duk wanda maganata ta ɓata wa rai. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne. Allah ya ba ƙasarmu lafiya da zama lafiya, ya sa albarka a kasuwa da aiki, ya mai da kowa gidansa lafiya. Yanzu fili naku ne, mai tambaya ko mai gyara ya ɗaga hannu.